Ƙullin Resham

Basti Nurwala, gundumar Jang

Zuwa ga 'yata Kausar a Karachi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'ar Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya abin da kika samu, ina sanar da ke cewa katin da mijinki Shaukat ya aiko ya iso. Ni da kaina na karanta shi, ban kai wa kowa ba. Na tsaya a ƙofar gida ina bin baƙaƙen da yatsa har na kai inda ya rubuta "mace". Kausar, da kin ga mahaifinki yana rawa a gaban ɓaunarmu ta tatsa, rawani a hannu, ita kuma tana kallona tana tuƙa!

Na sayi alewar laddu kwando guda na bi gida-gida, na kuma kira mai ganga. Matar wanzami ta ce, "Karam Din, a kan 'ya mace ake wannan ɓarna? Da namiji ne ai sai ka sayar da gona." Na ce mata, "Ke da aka haifa ko gwangwani ba a buga ba, ina za ki sani?" Ta jefe ni da laddun, sannan ta tsince shi ta kaɗe ta cinye.

Na soya miki panjiri da hannuna, yadda na ga mahaifiyarki tana yi wa masu jego, da garin alkama da man ɓaunarmu da sukari. Ya ɗan kama ta ƙasa, ki ci na sama. Na haɗa da riguna ƙanana da awarwaron azurfa, na ba direban motar auduga da zai zo wajenku.

Maganar zuwana kuwa, ki yi haƙuri, 'yata. Ɓauna ta kusa haihuwa, ga shukar alkama ta matso. In abubuwa suka lafa za mu gani.

Na riga na gaya wa mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta. Ta ji daɗi ƙwarai.

Ki gaishe da Shaukat da mahaifiyarsa. Ki sumbaci goshin jikata, ki ce mata kakanta ya iya rubutu, ko da yake layinsa yana gangarawa kamar ruwan gona.

Mahaifinki mai farin ciki,
Karam Din

*

Korangi, Karachi

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum, Abba ji. Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan ƙafarka da ke ciwo ta yi sauƙi. Wasiƙarka ta zo, na yi dariyar matar wanzami har ɗinkina ya yi zafi.

Na ce ɗinki, domin Shaukat bai gaya maka duka ba. Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka yi mini aiki. Sun ce da na farfaɗo Ammi nake ta kira, da na ga ba ta amsa ba sai na koma kiranka. Yanzu na warke, alhamdulillahi. Yarinyar sunanta Nargis. Hancin Ammi ne da ita sak, har da yadda take tattare gira in an ɓata mata rai.

Kayan sun iso, amma ban ci panjirin ba. Surukata ta ajiye ƙunshin a bayan ƙofa, ko kwance shi ba ta yarda a yi ba. Ta ce kayan jego ɗan gidan uban mace ne yake shigowa da su da ƙafarsa, ya ajiye a gaban mutane, direban mota kuwa ba ubana ba ne. Ka san gaskiyarta, haka ake yi ko a wajenmu. Duk matar da ta zo barka sai ta tambaya, "Wa ya zo daga gidanku?" Sai in ce kana hanya. Jiya wata ta ce, "Hanyar nan da tsawo take, ko a kan ɓauna ya taho?" Suka yi dariya, ni ma na yi.

Abba ji, ba ni da uwa, ba ni da wa, ba ni da ƙane. Kai kaɗai ne gidanmu. In na yi arba'in ba ka zo ba, har in tsufa a gidan nan sunana wadda ba ta da kowa. Tun rasuwar Ammi ba ka taka Karachi ba. Maƙwabcinmu Sadik zai kula da ɓauna, shi ya saba karɓar haihuwarta. In wani laifi na yi maka, ka faɗa mini in roƙi gafara.

Baffa Fazal, amininka, ya zo ganina, ya same ni ina kuka. Ban ce ya rubuto maka ba, amma ya ce zai rubuto.

'Yarka mai biyayya,
Kausar

*

Landi, Karachi

Lala Karam, babban wana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da amaryarka ɓauna. Ka gaishe ta, ka ce mata Allah Ya sauke ta lafiya, tunda ita ce 'yar da ka haifa.

Ni ne Fazal Dad, in ka manta, wanda kuka zauna benci ɗaya a ajin yamma na kamfanin gurzar auduga, gemu da gemu, Masta Inayat yana ƙwanƙwasa mana kai da alli. Kai ne ka yi wata guda kana rubuta sunanka a juye. Yanzu na ga ka ƙware har ka iya rubuta ƙarya a miƙe.

Ɓauna! Alkama! Lala, ni za ka gaya wa? Mutumin da ya bar gonarsa ana tsakiyar girbi ya tafi kokawa Multan? Zakaran Jang guda, wanda ya kayar da maza har aka daina ƙirga su, shi ne yake tsoron jirgin ƙasa? Wuni ɗaya ne da kwana ɗaya, ka shiga ka zauna, in tarye ka a tasha.

Na je na ga Kausar. Ta rame. Jikarka kuwa tubarkalla, ta kama mini gemu ta ƙi saki, na ce lallai jinin 'yan kokawa ne. Ƙunshinka yana nan bayan ƙofa, kyanwa tana kwana a kai.

Yanzu ka bar wasa. Ko ciwo ne kake ɓoyewa? Ko wata bazawara ce ta riƙe ka a ƙauye? In ita ce, ka faɗa, ba zan yi dariya sosai ba. Mun ci gurasa a kwano ɗaya tun muna da haƙora, ka gaya mini abin da ya ɗaure ka.

Ƙaninka da ba ya jin tsoronka,
Fazal Dad

*

Basti Nurwala

Zuwa ga ɗan'uwana Fazal,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, Allah Ya shirye bakinka. Ka tambaya abin da ya ɗaure ni. Zan gaya maka, amma in ka gama karantawa ka sa takardar a murhu. Ban taɓa faɗa wa mai rai ba.

Kai ka san Resham a waje: mayafi har goshi, murya ƙasa-ƙasa, ba ta taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, sai dai "mahaifin Kausar". Kai ka san ni a fage. Ba ka san ranar Alhamis ba.

Tun shekarar farko ta aurenmu, duk Alhamis bayan azahar, in an kai shinkafa da madarar sadakar mamata masallaci, gida ya yi tsit, sai ta saka sakata. Ta zauna a bakin gadon igiya ta ce, "Karam, zo nan." Sunana kai tsaye, Fazal. Sai ta nuna ƙasa da haɓarta, in durƙusa. Ba a yarda in ɗaga ido ba.

In ɗumama man sarso na shafa gashi, in warware mata kitso, in zare paranda, jan zaren silikin nan da take saƙawa a jelar gashinta. In shafe kanta da mai tun daga goshi har ƙeya, in taje a hankali. Sannan ƙafafu. In na yi garaje sai ta ɗora tafin ƙafarta a ƙirjina ta ce, "Wa ya ce ka yi sauri? Auduga kake gurza?" Daga nan ta miƙo hannu in ba ta parandar, ta haɗe wuyan hannuwana biyu ta ɗaure a ƙafar gado. Zare ne kawai. Da na yi atishawa mai ƙarfi da ya tsinke. Ban taɓa ja ba. Sai ta sunkuyo, gashinta ya rufe mini fuska, numfashinta yana bin wuyana, tana cewa, "Kada ka taɓa. Kada ka yi magana. Sai na ce." Takan ja lokaci da gangan har jikina ya riƙa rawa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ke biyo baya nata ne da nawa, da Allah da Ya halatta mana juna. In ta gama sai ta kwance ƙullin da haƙori, ta ɗan mari kumatuna ta ce, "Tashi, na sallame ka."

Tun ranar farko ta ce in na gaji in ce ya isa. Har gashinmu ya yi fari ban ce ba. Kada ka tambaye ni dalili, ni ba malami ba ne. Abin da na sani, duk inda na je ni ake jira in ɗaga, in kayar, in raba faɗa. A ɗakin nan kaɗai nake sauke kaina kamar yadda ake sauke buhu. Ko ajin yamman da kake mini gori ita ta tura ni. Ta ce matar Masta tana samun wasiƙa in mijinta ya yi tafiya, ita ma tana so, ko da ba ta iya karantawa ba. Na koya, amma daga nan ban sake yin tafiya ba tare da ita ba, don haka ban taɓa rubuta mata ba.

Ranar da za ta rasu Alhamis ce. Mata sun fita ɗora tukunya, ta ce in rufe ƙofa. Ba ta da ƙarfin haɗa hannuwa biyu, sai ta naɗa parandar a hannuna na hagu, ta ƙulle da ƙyar. Ta ce, "Zauna nan. Kada ka je ko'ina sai na sallame ka." Ta rufe ido don ta huta. Ba ta buɗe ba.

Ƙullin yana nan a ƙarƙashin hannun rigata. Ina zuwa gona, ina zuwa masallaci, amma ban ƙara kwana a wajen gidan nan ba.

Ka san yadda tsofaffi suke cewa mamata suna leƙo gidajensu ranar Alhamis, shi ya sa ake dafa sadaka a kunna fitila. Da ina ɗauka magana ce ta mata. Bayan arba'in ɗinta, na kai sadaka na dawo, na saka sakata don sabo. Rana tsaka, ƙudaje suna yawo. Sai na ji ƙamshin man sarso alhali ban ɗumama ba. Igiyar gado ta yi ƙara, ƙarar nauyinta, na san ta kamar yadda ka san tarin mahaifinka. Gwiwoyina suka kai ƙasa da kansu. Sai tafin ƙafa a ƙirjina, da sanyi kamar ruwan rijiya da asuba, a hankali yana ɗumi. Gashi ya sauko mini a fuska. Ƙullin ya ƙara matsewa.

Haka take zuwa duk mako. Ba ta magana. Ni kuma ban ɗaga ido ba, tunda ba ta ce ba. Ragowar kwanakin mako kuwa, Fazal, ni da ɓauna ne da bango. Ina dafa abinci in ci a tsaye. Wani lokaci sai in lura tun safe ban ce uffan ba.

Nakan karanta mata wasiƙu. Na karanta mata ta Kausar, wato inda ta ce yarinyar tana da hancin Ammi da girarta. Gadon ya girgiza, na san dariya take.

Ina son ganin jikata kamar in mutu. Amma ba a sallame ni ba. Yanzu ka yi dariyarka.

Wanka,
Karam Din

*

Landi, Karachi

Lala,

Gaisuwa. Na ƙona takardar kamar yadda ka ce, bayan na karanta ta har na kusa haddacewa.

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Na tuna shekarar da Kausar ta yi zazzaɓi kana fagen kokawa a bikin waliyyi, Resham ta keta cikin maza da takalmi a hannu ta fito da kai ta kunne. Muka ce wayyo, an kunyata zakara. Ashe kai daɗi kake ji, ɗan banza! Mu muna tausayinka, kai kana godiya ga Allah.

Da dariyar ta ƙare sai na tuna kaina. Tawa ta rasu kafin taka, ko a mafarki ba ta leƙo ni ba. Ina gidan 'ya'yana, ana ba ni shayi a kan lokaci, ana kuma rage murya in na shigo. Don haka ba zan ce maka ƙarya kake ba. Limaminmu zai ce mamaci ba ya dawowa, likita zai ce kaɗaici ne. Ni ban sani ba. In da gaske ne, na yi maka hassada.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Ka ce ka karanta mata wasiƙar Kausar, "wato inda" aka yi maganar hanci. Sauran fa? Ka karanta mata cewa an tsaga cikin 'yarta? Cewa ta farfaɗo tana kiran Ammi, ba wanda ya amsa? Ka karanta mata maganar ƙunshin da ke bayan ƙofa, da matan da suke dariya?

Ba ka karanta ba. Ka san matar da ta shiga fage da takalmi saboda zazzaɓi, in ta ji wannan, ba za ta bar ka ka ƙara minti ɗaya a durƙushe ba. Ka kuma san in ta kwance ƙullin, mai yiwuwa ba ta da sauran abin da zai dawo da ita. Shi kake tsoro, ba jirgi ba.

Lala, kai ka ce ita ce mai umarni. To wane irin bawa ne yake zaɓar abin da uwar gijiyarsa za ta ji? Ba ta iya karatu ba, ta amince da bakinka. Ka karanta mata duka, tun daga sallama har sa hannu, sannan ta yanke. In ta ce ka zauna, ni da kaina zan ɗauki ƙunshin in shiga da shi, in ce ni ne uban, su yi abin da za su yi.

Arba'in ɗin Kausar ya matso.

Ƙaninka,
Fazal Dad

*

Basti Nurwala

Fazal,

Gaisuwa. Da wasiƙarka ta zo na zage ka da iyayen gidanku, na fita na yi faɗa da Sadik a kan ruwan gona ba gaira ba dalili. Alhamis ta zo, na durƙusa da takardar Kausar a aljihu, ban fito da ita ba. Na ce bari in ƙara mako guda. Ranar nan Resham ta daɗe a kaina fiye da kullum, gashinta yana bin fuskata, har na ji ladanin la'asar. Na ce ko ta sani ne.

Jiya da Alhamis ta zagayo, na karanta mata. Na fara daga "Assalamu alaikum, Abba ji", ina bi da yatsa, hannu ɗaya, murya tana karyewa kamar ranar da Masta ya fara tsayar da ni gaban allo. Da na kai maganar ɗinki, ƙafarta ta bar ƙirjina. Da na kai inda Kausar take kiran Ammi, igiyar gado ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ban tsaya ba. Na karanta ƙunshin, na karanta dariyar matan, na karanta "kai kaɗai ne gidanmu", har "'yarka mai biyayya".

Sannan na ji haƙori a wuyan hannuna.

Fazal, na karya doka. Na yi magana ba a ce in yi ba. Na ce, "Resham, don Allah, ki bari sai wani mako." Sai mari, kuma ba irin na da ba, har yanzu kunnena yana ƙugi. Ban san ko da kunne na ji ko da me ba, amma na ji: "Tashi, sakarai. Na sallame ka."

Na ɗaga ido, karo na farko. Gado ne kawai, da hasken rana a kansa. Parandar tana ƙasa a warware. Inda ta zauna a hannuna fata ta yi fari fat, kamar ba tawa ba.

Na ba Sadik haƙuri, na kai masa ɓauna. Na soya sabon panjiri, wannan bai ƙone ba. Ka tarye ni a tasha ranar Litinin, ka zo da wanda zai ɗauki kaya, don na ƙara da bargo da tulun man ɓauna. Ka gaya wa Kausar ta ce wa matan su dawo, su zo su ga wanda ya taho a kan ɓauna. Zan ga jikata, Fazal! Ina rubuta wannan ina dariya, ruwa kuma yana ɗiga a kan takardar, ka yi haƙuri da inda tawada ta baje.

Wanka,
Karam Din

*

A kan gadon igiya, da safiyar Lahadi

Zuwa ga Resham,

Bayan gaisuwa da ladabi. Ga wasiƙar da kika ce kina so, irin ta matar Masta. Yau na yi tafiya, shi ya sa na rubuto. Na san ba mai karanta miki, na yi manyan baƙaƙe ko za ki gane hannuna.

Na tafi inda kika aike ni. Zan dawo bayan arba'in ɗin Kausar. Na bar wa matar Sadik shinkafa da madara ta riƙa kai sadakarki, ta kuma kunna fitila. Man sarso yana kan taga, parandarki tana ƙarƙashin wannan takarda. Ban saka sakata ba.

Ban nemi izininki ba kafin in rubuta wannan. In laifi ne, ki zo ki hukunta ni.

Naki, a durƙushe,
Karam